Horar da Malaman Hausa kan Dabarar Koyo ta Hanyar Warware Matsala

Dabarar koyo ta hanyar warware matsala ta samo asali ne daga tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar McMaster da ke Kanada a shekarar 1969, daga baya Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta rungume ta. A wannan tsari ba a fara darasi da bayanin malami. Ana ɗora wa ɗalibai wata matsala ta zahiri, su kasu rukuni-rukuni, su tantance abin da suka sani da wanda suke buƙatar bincikowa, sannan su dawo su tattauna abin da suka samo. Aikin malami shi ne jagoranci da jefa tambayoyi.

Abin da ya dame mu a nan shi ne malamin kansa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi takardar shaidar NCE a matsayin mafi ƙarancin cancantar shiga aikin koyarwa, wato kwalejojin ilimi ne ke ƙera yawancin malaman Hausa na matakin farko. To amma ɗalibin da ya shafe shekara uku yana kwafar laccar malami yana haddace ta don jarrabawa, da wuya ya shiga aji ya yi wani abu dabam. Saboda haka muna ganin ba ya wadatarwa a ware wa dabarar babi guda a kwas ɗin dabarun koyarwa. Wajibi ne a koyar da ɗalibin malanta da ita, ya ɗanɗani ruɗanin da ke cikinta kafin ya jefa yara a ciki.

Mu ɗauki misali daga tsarin sauti. Maimakon a rubuta ma'anar tsawon wasali a allo, sai a miƙa wa rukuni takarda mai ɗauke da jimlar "Garin ya ƙone", a ce su gano abin da ya ƙone. Wasu za su ce birni ne, wasu su ce garin tuwo. Daga gardamar ne za su lura cewa wasalin farko gajere ne a ɗaya, dogo a ɗayan, kuma ƙa'idojin rubutun yau da kullum ba sa nuna wannan bambanci. Haka nan takardar da aka buga ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, inda "ƙafa" ta koma "kafa". Ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, musamman a kudancin ƙasar nan, irin wannan matsala ba ƙirƙira ba ce, da ita suke karo kullum.

Ƙirƙirar matsala mai kyau ita ce gaɓar da ta fi wuya a horon, kuma ita ya kamata a fi bai wa lokaci. Malamai da yawa sukan ɗauki tsohuwar tambayar jarrabawa su sauya mata riga. Matsalar kirki ba ta da amsa ɗaya a fili, amma dole ta kai ɗalibi ga manufar da manhaja ta ƙayyade. Na biyu a wuya shi ne haƙurin yin shiru: malamin da ya saba ba da amsa nan take yakan ji kamar ya gaza idan aji ya yi tsit.

Akwai suka da bai kamata mu kawar da kai daga gare ta ba. A shekarar 2006 Kirschner da Sweller da Clark sun yi nuni da cewa ƙarancin jagora yana cutar da mai koyon da bai da tushe. Mun yarda da wannan gargaɗi. Yaron da bai naƙalci baƙaƙe da wasula ba, bayani kai tsaye yake buƙata tukuna. Don haka a gwajin koyarwa, mai duba ɗalibi ya riƙa auna lokacin da ya tsoma baki da irin tambayar da ya yi, ba tsabtar allo da tsarin darasi kawai ba. A ajin da yara suka yi yawa kuwa, a fara da matsala guda a kowane zango.