Jeri Ɗaya, Burauza Iri-iri

Malamin da zai kira sunayen ɗalibai yakan bi rajista daga na farko har na ƙarshe, ba ya tsallake kowa. Haka kwamfuta take yi da jerin bayanai, walau sunaye ne ko makin jarrabawa. Wannan bi ɗaya bayan ɗaya yana cikin manyan ayyukan JavaScript, wato harshen sarrafa shafukan intanet da Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape na Amurka a 1995.

Da fari, mai rubuta manhaja shi ke faɗa wa kwamfuta inda za ta fara ƙirga da inda za ta tsaya. Kuskuren lamba ɗaya ya isa a bar na ƙarshe a baya. A 2005 Firefox 1.5, ɗaya daga cikin burauzoji, wato manhajojin buɗe shafuka, ta zo da gajerun umarni: forEach mai bin jeri, map mai sarrafa kowane abu na ciki, da filter mai tankaɗe. Sai dai Internet Explorer, wadda akasarin jama'a ke amfani da ita a lokacin, ba ta karɓe su ba sai a 2011. Saboda haka shafin da ya yi aiki a wannan sai ya cije a waccan.

Masana suka nemi mafita ta hanyar rumbunan umarni shiryayyu, irin su Prototype na 2005 da jQuery na 2006, waɗanda suka tanadi nasu umarnin bin jeri mai aiki a ko'ina. Underscore na 2009 kuwa yakan fara dubawa: in burauza tana da umarnin, ya yi amfani da nata, in babu, ya koma tsohon ƙirga. A shekarar ce kuma ƙa'idar ECMAScript 5 ta shigar da umarnin cikin harshen.

Amma wasu rumbunan sun ɗaura umarninsu a jikin harshen kansa, kamar yadda ake aura reshen mangwaro a jikin wani. Abin ya bar baya da ƙura. A 2018, da aka so ƙara sabon umarni mai suna flatten, sai aka tarar zai lalata tsofaffin shafuka masu dogaro da rumbun MooTools, wanda ya riga ya ɗauki sunan. Dole aka sauya masa suna zuwa flat. Ɗalibi mai koyon wannan sana'a ya riƙe darasin: kafin a ƙara wani abu a kayan da kowa ke amfani da shi, a tuna da masu zuwa a baya.