Zaƙami: Abin da Sunayen Tsiro Suke Faɗa

A tsaunukan Wahaka ta ƙasar Meziko, masu maganin ƙabilar Mazatek sun daɗe suna tauna ganyen wani tsiro ko su sha ruwansa da dare domin duba da neman waraka. Masana suna kiransa Salvia divinorum, su kuwa masu shi suna ce masa ganyen Maryama makiyayiya. A 1962 Gordon Wasson da Albert Hofmann suka samo samfurinsa, a 1982 aka ware sinadarin da ke sa gane-gane a cikinsa. Daga baya ya bar hannun masu magani ya koma hajar intanet, har ƙasashe da dama suka haramta shi.

Mu ma muna da makamancinsa, ko da yake danginsu ba ɗaya ba ne: zaƙami, wato Datura, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Ba ya bukatar mai shuka. A unguwa irin Yantala, mai lambuna a bakin kogi, mutum zai iya wuce shi bai kula ba.

Sunayensa abin nazari ne ga ɗalibin harshe. Na farko, babba-juji, yana nuna mazauninsa, wato juji. Hausar yamma tana cewa jibji. Wannan misali ne na dokar Klingenheben: baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa ya koma wasalin u a Hausar Kano, amma ya tsaya yadda yake a yamma. Na biyu, haukata-yaro, harɗaɗɗen suna ne na aikatau da karɓau, kamar hana-salla da dafa-duka. Jimla ce sukutum aka dunƙule ta zama gargaɗi, har ta ambaci wanda abin ya fi kamawa. A Nijar kuma ana jin sobi-lobi, sunan da wasu likitoci suka sa a kan rahotonsu na shekarar 2000 game da mutum huɗu da gubarsa ta kama.

A gargajiyance masu fuka sukan shaƙi hayaƙin busasshen ganyensa, samarin Fulani kuma an san su da shi lokacin sharo. A yau wasu matasa suna jiƙa 'ya'yansa cikin abin sha don maye. Sinadaransa, atirofin da sikofolamin, suna busar da baki, su buɗe ƙwayar ido, su hanzarta bugun zuciya, su gusar da hankali, wani lokaci har kisa. Ƙarfinsu ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, saboda haka babu awon da za a amince da shi.

Magabata sun adana wannan sani a cikin suna. Matashin da ya san shi da lakabin majalisa kawai ya rasa gargaɗin da ke cikin haukata-yaro. Tattara irin waɗannan sunaye daga bakin tsofaffi, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, aiki ne da ke jiran ɗalibanmu.