Fitilar ESP ta kama? Laifin na iya zama na waya, ba na na'ura ba

Na'urar ESP, wadda Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita a 1995, ita ke kama birkin taya ɗaya idan mota ta fara sulɓewa a kwana. Amma wayoyin lantarki ne idanunta: kowace taya na aiko mata da saurin juyawarta, wasu bayanan kuma na bi ta tagwayen wayoyin CAN.

Da waya ta tsinke ko tsatsa ta ci mahaɗa, sai ta daina aiki, direba ya rasa kariya.

Kafin a sayi sabuwa, a duba wayoyin bayan tayoyi. Sannan a cire batir, a auna tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin OBD. Lafiyayyen layin CAN kan nuna kusan ohm 60.