Avatar: Me ya sa har yanzu ake jayayya kan ƙarshen labarin Aang?

Ranar 19 ga watan Yulin shekarar 2008 ne tashar talabijin ta Nickelodeon da ke Amurka ta nuna ƙarshen shirin nan na zane mai motsi mai suna Avatar: The Last Airbender, inda mutane kimanin miliyan 5 da dubu 600 suka zauna suka kalla.

Shirin ya samu yabon da ba kasafai majigin yara kan samu ba, har ya ci lambar yabo ta Peabody ta shekarar 2008, wadda ke cikin mafiya daraja a harkar rediyo da talabijin a Amurka.

To amma tun daga wannan dare masoya shirin suka rabu gida biyu a kan abu guda: yadda jarumin labarin, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Aang, ya kawo ƙarshen yaƙin shekara 100 ba tare da ya kashe sarkin da ke jagorantar yaƙin ba.

Muhawarar ta sake tasowa a watan Mayun 2020, lokacin da kamfanin Netflix ya sanya shirin a Amurka ana tsakiyar kullen cutar korona, ya kuma hau matsayi na ɗaya a jerin abubuwan da aka fi kallo. Waɗanda suka kalle shi suna yara suka sake kallonsa da idon manya, suka kuma ga abubuwan da a da suka wuce su.

Asalin labarin

Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko ne suka ƙirƙiro shirin, wanda aka fara nunawa a watan Fabrairun 2005. An yi shi kashi 61 cikin zango uku, kuma kamfanonin Koriya ta Kudu ne suka yi akasarin aikin zanen.

Labarin na faruwa ne a wata duniya ta ƙage mai al'ummomi huɗu, kowacce da abin da wasu daga cikin mutanenta ke iya sarrafawa: ruwa, ƙasa, wuta ko iska. Mutum ɗaya tak ne a kowane zamani ke iya haɗa dukkan huɗun, shi ake kira Avatar, kuma aikinsa shi ne tsare daidaito tsakanin al'ummomin. In ya mutu, sai ruhinsa ya sake bayyana a jikin wani jariri a al'umma ta gaba.

Aang ya gudu daga wannan nauyi, ya faɗa teku, ya daskare cikin ƙanƙara har shekara 100. Ko da wata yarinya mai suna Katara da yayanta Sokka suka fito da shi, sai ya tarar Daular Wuta ta yi wa al'ummarsa ta masu sarrafa iska kisan ƙare dangi. Shi kaɗai ya rage.

Wata tauraruwa mai wutsiya da kan ninka ƙarfin masu sarrafa wuta ce ta ba Sarki Sozin damar aikata wannan ta'asa. Tauraruwar na dab da dawowa, kuma jikansa, Sarki Ozai, ya ƙudiri aniyar amfani da ita ya ƙone Masarautar Ƙasa ƙurmus.

Tambayar da ta raba kan masu kallo

Duk wanda ke tare da Aang ya ɗauka cewa kashe Ozai ne kaɗai mafita. Hatta Zuko, ɗan Ozai na cikinsa wanda ya bar mahaifinsa ya koma ɓangaren Aang, abin da ya gaya masa ke nan.

Shi kuwa Aang ya taso ne a hannun masu zuhudu waɗanda suka koya masa cewa kowane rai abin girmamawa ne. Ko nama ba ya ci.

A kashi na biyu cikin huɗu na ƙarshen, yaron ya nemi shawarar magabatansa huɗu, wato Avatar-Avatar da suka gabace shi: Roku da Kyoshi da Kuruk da Yangchen. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ba shi amsar da yake so. Wadda ta fi yi masa ciwo ita ce ta Yangchen, domin ita ma daga al'ummar masu sarrafa iska ta fito, amma ta nuna masa cewa haƙƙin duniya da ke wuyan Avatar ya fi tsarkin zuciyarsa muhimmanci.

A nan ne marubutan suka sa jaruminsu a tsaka mai wuya, kuma a nan ne mutane da dama ke ganin shirin ya kai ƙololuwarsa. Majigin yara ne, amma ga shi yana tambayar ko mutum na da 'yancin tsare hannunsa daga jini alhali rayukan dubban mutane na rataye a kan hukuncinsa.

Sai kuma aka gano cewa tsibirin da Aang ke zaune a kansa yana wannan tunani ba tsibiri ba ne. Bayan wani ƙaton kunkuru ne mai kan zaki, wanda ya taɓa goshinsa da ƙirjinsa ya ba shi wani ilmi da ba a taɓa jin labarinsa ba a shirin: yadda ake sarrafa ƙarfin da ke cikin mutum kansa. Da wannan ilmi Aang ya zare wa Ozai ikon sarrafa wuta, ya bar shi da ransa, aka jefa shi kurkuku.

Kunkuru da tsinin dutse

Masu suka na cewa marubutan sun yi tambaya mai nauyi, sannan suka zille wa amsa ta. An shafe kusan kashi 60 ana nuna cewa zaɓi biyu ne kawai, kwatsam sai ga na uku ya faɗo daga sama.

Masana adabi na da suna ga irin wannan dabara, wato deus ex machina, wanda ya samo asali daga wasannin kwaikwayon Girkawan dauri, inda in labari ya cije sai a sauko da wani abin bauta da igiya a kan dandamali ya warware komai.

Gaskiya ne an ɗan nuna hoton kunkurun a wani tsohon littafi a zango na biyu, lokacin da Aang da abokansa suka shiga wani ɗakin karatu da ke binne a hamada. Sai dai hoto a gefen takarda bai isa ya zama shimfiɗa ga abin da zai yanke hukuncin labarin baki ɗaya ba. Sai a shekarar 2013, a shirin The Legend of Korra da ya biyo baya, aka yi cikakken bayanin ko su wane ne waɗannan kunkuru da alaƙarsu da asalin sarrafa abubuwan huɗu. Bayanin ya zo ne shekara biyar bayan an gama buƙatarsa.

Abu na biyu ya fi wannan wuyar karewa. Tun ƙarshen zango na biyu Aang ya rasa ikon shiga wani yanayi na musamman da ke ba shi ƙarfin dukkan magabatansa, bayan Azula, ƙanwar Zuko, ta harbe shi da walƙiya a gadon baya. Kafin nan wani dattijon malami mai suna Pathik ya koya masa cewa mallakar wannan yanayi na buƙatar ya saki duk abin da zuciyarsa ta maƙale wa, ciki har da son da yake yi wa Katara.

Mai kallo zai zaci cewa wani aiki na zuci ne zai dawo masa da wannan iko. Amma abin da ya faru shi ne, ana cikin faɗa Ozai ya wurga shi, tabon bayansa ya daki tsinin wani dutse, shi ke nan sai ƙofa ta buɗe. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kuma ko masu kare shirin ba su cika tsayawa jayayya a kan wannan ba.

Akwai kuma masu cewa ƙyamar kisan da Aang ya nuna ta zo a makare. A ƙarshen zango na farko ya haɗe da ruhin teku ya tarwatsa rundunar jiragen ruwan Daular Wuta, kuma da wuya a ce babu wanda ya halaka. Haka nan tun a kashi na uku an nuna ƙwarangwal ɗin malaminsa Gyatso kewaye da gawarwakin sojojin da suka kai musu hari, alamar cewa shi kansa malamin bai miƙa wuya salin-alin ba.

Hujjar masu kare shi

Sai dai akwai abin da masu suka kan haɗe wuri guda alhali abubuwa biyu ne daban. Tambayar ko an shimfiɗa wa mafitar hanya yadda ya kamata daban, tambayar ko hukuncin Aang daidai ne daban. Ana iya faɗuwa a ta farko a ci ta biyu.

Yangchen ta yi zamaninta ne lokacin da al'ummarta ke cike da haikalinsu huɗu. In ta karya ƙa'idarsu, akwai dubban da za su ci gaba da riƙe ta. Aang ba shi da wannan gata. Duk abin da ya rage na tarbiyyar mutanensa yana cikin kansa ne shi kaɗai, don haka ranar da ya yi watsi da ita, ranar ce aikin da Sozin ya fara zai kammala. Shi ma Ozai ya fahimci haka, shi ya sa ana cikin faɗan yake yi masa gori da cewa mutanensa raunana ne da ba su cancanci rayuwa ba.

Kuma ba sau ɗaya Aang ya samu damar kisa ya ƙi ba. Da Ozai ya harbo masa walƙiya, ya kama ta da dabarar da Zuko ya koya masa, ya saita ta a kan sarkin, sannan ya kau da hannu ya sake ta sama. Daga baya, yana cikin wancan yanayi na ƙarfin magabata, ya ɗaga hannu zai kai sara na ƙarshe, sai ya tsayar da kansa. Wannan ne karon da aka ga yaron ya juya ƙarfin magabatansa maimakon ƙarfin ya juya shi.

Bugu da ƙari, ilmin da kunkurun ya ba shi ba kyauta ba ce marar haɗari. An nuna cewa in ruhin mai yin sa ya yi rauni, na abokin gabarsa zai rinjaye shi ya hallaka shi, kuma saura ƙiris hakan ta faru.

Akwai kuma hujja ta siyasa, wadda Iroh, yayan Ozai kuma kawun Zuko a labarin, ya kawo da aka nemi ya yaƙi ƙanensa da kansa. Ya ƙi, bisa dalilin cewa tarihi zai ɗauki abin a matsayin ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwansa don neman mulki. A daular da ta gina sarautarta a kan ƙarfin wuta, sarkin da aka mayar ba ya iya kunna ko fitila ya fi gawa zama darasi ga mabiyansa.

Wasu kan ce ai dama Nickelodeon ba za ta bari yaro ya kashe mutum a shirin yara ba. Mai yiwuwa haka ne. Amma hanya mafi sauƙi da irin waɗannan shirye-shirye kan bi ita ce a sa mugu ya zame ya faɗa rami da kansa, jarumi ya fita da hannu fes. Marubutan Avatar ba su bi ta nan ba, sun sa yaron ya furta ƙin amincewarsa a fili, kowa na adawa da shi.

Faɗan da babu jayayya a kansa

Abin lura shi ne, ɓangaren ƙarshen da aka fi yabawa ba na Aang ba ne. Fito-na-fiton da aka yi tsakanin Zuko da Azula ne a harabar fada.

Zuko, wanda mahaifinsa ya ƙone masa fuska yana ɗan shekara 13 ya kuma kore shi, ya shafe zango biyu da rabi yana kai-kawo tsakanin neman yardar uba da bin gaskiya. Ita kuwa Azula, 'yar lelen Ozai mai shekara 14, an nuna yadda take rugujewa sannu a hankali tun daga ranar da ƙawayenta biyu, Mai da Ty Lee, suka juya mata baya. Ta kori barorinta, ta datse gashinta da kanta, ta soma ganin mahaifiyarta a madubi.

Da aka zo faɗan, sai mai tsara kiɗan shirin, Jeremy Zuckerman, ya sa masa kiɗa mai sanyi irin na makoki maimakon na yaƙi. Zuko ya tare walƙiyar da aka harba wa Katara da ƙirjinsa, Katara ta daskarar da Azula ta ɗaure ta da sarƙa, aka bar yarinyar tana birgima tana kuka, babu mai murna a cikinsu.

Babu kunkuru a nan, babu tsinin dutse. Kowane mataki an shimfiɗa shi tun da nisa, kuma wannan ne ma ya sa raunin ɗaya ɓangaren ya fito fili, domin marubutan sun nuna sun iya.

Abin da aka bari a buɗe

Wasu ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne, kamar na masu ganin Katara ta fi dacewa da Zuko a kan Aang. Wanda ya fi ƙarfi shi ne batun Ursa, mahaifiyar Zuko. A mintunan ƙarshe sabon sarkin ya je kurkuku ya tambayi mahaifinsa inda take, aka yanke hoton ba tare da amsa ba. Sai a shekarar 2013 aka warware batun a littafin zane mai suna The Search, wanda Gene Luen Yang ya rubuta tare da masu shirin.

A shekarar 2019, babban marubucin shirin, Aaron Ehasz, ya bayyana a Twitter cewa ya so a yi zango na huɗu inda Azula za ta samu hanyar gyaruwa. Su kuwa DiMartino da Konietzko sun sha nanata cewa zango uku suka tsara tun farko.

Littattafan zanen da suka biyo baya sun kuma ba masu cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba abin kafa hujja. A The Promise na shekarar 2012, an ga Zuko, mulki ya yi masa nauyi, yana komawa kurkuku neman shawarar mahaifin da ya ƙone masa fuska. A Smoke and Shadow kuwa, wanda ya fara fita a 2015, wata ƙungiyar asiri ce ta magoya bayan Ozai ta tashi tana ƙulla makircin mayar da shi kan karaga.