Haƙƙin Tsoho A Kan Hanyar Mota

Ya ku malamai da fatake, kun sani Funtuwa mararraba ce. Hanyar Zariya, da ta Gusau, da ta Birnin Gwari, da wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi zuwa Yashe, duk a nan suka haɗu. In kaka ta yi, manyan motocin masara da dawa da auduga ba su yankewa dare da rana, ga kuma hazon hunturu. A cikin wannan hali ne dattijo yake fitowa masallaci da asuba, ko yake komowa daga kasuwa da almuru, ido ya yi yana, kunne ya yi nauyi, gwiwa ta ƙi.

To, ga lissafi, gama ɗan kasuwa ba ya raina lissafi. Faɗin kwalta mai hannu biyu kamar mita 7 ne. Tsoho mai dogara sanda yakan ci daƙiƙa 10 kafin ya ƙetare. Motar da ta kiyaye dokar cikin gari, watau kilomita 50 a awa, tana shafe kusan mita 140 cikin wannan lokaci. Mai gudun kilomita 100 kuwa, ninki biyu. Ashe motar da ya hango can nesa kamar ƙwaro, ita ce za ta riske shi tsakiyar titi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce hatsarin hanya yana kashe mutum miliyan 1 da dubu 190 a shekara, fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne.

Saboda haka, ya dattawa, tun ran 2 ga Afrilu, 1972 motoci suka koma bin hannun dama a Nijeriya. Ku bi gefen hagu, ku fuskanci abin da ke zuwa. In za ku ƙetare, ku dubi hagu, ku dubi dama, sa'an nan ku sake duban hagu. Kada ku ɓullo daga bayan motar da ke tsaye. Da duhu ku sa farar riga, ku riƙe tocila. Ba kunya ba ce jika ko almajiri ya kama hannunku. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma 'yan kasuwa da manoma, gefen titi ba masussuka ba ne. Wanda ya baza shanya ko ya jibge buhuna a nan, shi ya tura tsoho kan kwalta. Malamai sun san Shari'a ta ba hanya haƙƙi, sai su faɗa a zaure da masallaci. Direba da ɗan acaɓa su tuna ƙaho ba ya amfanin wanda ba ya ji, birki ne magani.

In tsautsayi ya auku, a kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Kada a ciccibi mai rauni da gaggawa, domin ƙashin tsoho ba ya jure girgiza.

Allah ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.