Yadda Ake Ƙiyasta Ruwan da Ke Cikin Hadari

Idan hadari ya taso daga gabas ya rufe birnin Zazzau, manomi yakan ɗaga kai ya yi lissafi, domin wanda ya yi shuka a kan ruwan da bai jiƙa ƙasa ba ya yi asarar iri. Zariya tana samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Amma ruwan ba ya sauka bai ɗaya. Sau da yawa akan tafka shi a Samaru, alhali ko ɗigo bai taɓa Ƙofar Doka ba. Saboda haka ma'aunin ruwa guda ba ya isar gari, sai an haɗa da wasu dabaru.

Dabara ta farko ita ce na'urar rada. Takan aika da igiyar rediyo cikin gajimare, ɗigon ruwa su mayar da ita kamar amsa-kuwwa. Jinkirin dawowarta shi ke nuna nisan hadari, ƙarfinta kuma ya nuna yawan ruwa. Sai dai ɗigon da ya ninka wani sau biyu a kauri yakan mayar da amsa mai ƙarfi sau 64, don haka manyan ɗigo kaɗan suna iya ruɗin na'urar.

Ta biyu ita ce tauraron ɗan'adam. An harba Meteosat na farko a 1977, kuma magadansa suna kallon Afirka daga nisan kilomita kusan 36,000. Abin da suke aunawa shi ne sanyin ƙololuwar gajimare. Gajimaren da ya yi tsiri sama ƙwarai yakan yi tsananin sanyi, kuma shi ne mai zubar da ruwa. Masana na shirin TAMSAT a Jami'ar Reading ta Ingila sukan ƙirga sa'o'in da irin wannan gajimare ya yi a kan wuri, su fitar da ƙiyasi. A 1997 kuma Amurka da Japan suka harba TRMM, wanda ya ɗauki rada zuwa sararin samaniya.

Duk da haka, tilas a gwada ƙiyasin da abin da ma'auni ya tara a ƙasa, irin wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana rubutawa. A nan ne makarantu za su taimaka. A kafa ma'auni a fili nesa da bishiya da indararo, ɗalibai su duba shi kowace safiya a lokaci guda, su rubuta a littafi.