Taƙaita Kalmomi a Turanci: Yadda Bature Yake Haɗiye Haruffa

Yau za mu taɓa wani abu da yake rikita iyaye mata a Koki da sauran unguwannin cikin birni, musamman masu zuwa ajin yaƙi da jahilci da masu duba wa yara aikin gida, wato taƙaita kalmomi a Turanci.

Kada abin ya ba ki tsoro, domin mu ma muna yi. Muna cewa “zan tafi” maimakon “za ni tafi”, muna cewa “ba min” maimakon “ba mini”. To haka Bature yake yi. “I am” ya koma “I'm”, “do not” ya koma “don't”, “we will” ya koma “we'll”. Wannan ɗan waƙafin da kike gani a sama yana nuna gurbin haruffan da aka cire. A Hausa kuwa aikinsa daban ne, sauti yake nunawa, kamar a “sa'a” da “'ya'ya”.

Akwai wurare uku da ya kamata ki lura. Na farko, “won't” taƙaitawar “will not” ce, ko da yake ba su yi kama ba. Na biyu, “he's” yana iya zama “he is” ko “he has”. Kalmar da ta biyo baya ita za ta nuna miki. Na uku, “it's” yana nufin “it is” ko “it has”, amma “its” marar waƙafi mallaka yake nunawa, kamar “nasa”.

Abin ba na wasa ba ne. Tsakanin “can” da “can't” harafi ɗaya ne da waƙafi, amma ɗaya izini ne, ɗaya hani. Idan takardar magani ta ce “don't”, to kada a yi ke nan.

Ki kuma faɗa wa 'yarki mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO cewa a wasiƙa zuwa ga ƙawa tana iya taƙaitawa, amma a takardar neman aiki ko wasiƙa zuwa ga hukuma, ta rubuta kalmomin cikakku.

Kafin mako mai zuwa, ki ɗauki littafin Turancin ɗanki, ki nemo kalmomi biyar masu waƙafi a sama, ki warware su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ƙara mana basira. Sai mun sake saduwa.